Rufin Kwano a Ɗakin Uwani

A zamanin da Garki take ƙauye, gidaje tsilli-tsilli a tsakanin gonakin doya da dawa, an yi wani mutum ana ce masa Maude, wanda Allah Ya jarrabi garin da shi ta hanyar akwatin kayan aiki. Wata huɗu kacal ya yi a Minna yana aikin lebura wajen masu gina gidajen ma'aikata. Abin da aka tabbatar ya yi a can shi ne miƙa ƙusa da riƙe tsani. Amma ranar da ya dawo, da guntun fensir a maƙale bayan kunne da akwatin katako a ka, sai ya sanar da jama'a cewa daga yau Injiniya za a riƙa ce masa.

A cikin akwatin akwai guduma, da zarto mai giɓi, da filaya, da wata sifana da har yau ba a sami notin da ya dace da ita ba, da tef ɗin awo wanda bakinsa ya guntule, daga inci tara yake farawa. Da waɗannan ya buɗe aiki. Keken Wakili, wato wakilin dagacin garin, shi ya fara shiga hannu. Birki kawai aka ce ya ɗan matse. Maude ya kwance keken ɗaiɗai a kan tabarma, ya mayar, ƙarafa bakwai suka rage. Ya ce na ƙawa ne, kamfani ke sakawa don a ƙara kuɗi. Wakili ya hau ya nufi gangaren rafi, kuma tun daga ranar yake dogara sanda.

Duk wannan Uwani matarsa tana gani, tana kuma ji a bakin mata. Ba ta cika tankawa ba, don tana da abin da ya dame ta. Awakinta uku da ta shekara huɗu tana kiwo ta sayar, ta sa aka yo mata sarin gishiri buhu uku daga Abuja ta wancan lokacin, wadda yanzu ake kira Suleja. Dabararta ita ce idan damina ta kankama, hanya ta ɓaci, motoci suka daina shigowa, ita kaɗai za ta rage da gishiri tsakanin Garki da Durumi. Buhunan nan su ne iyakar abin da ta mallaka a duniya. Ta jera su a ɗakinta a kan itace, ko kaza ba ta yarda ta raɓe su.

Ɗakin kuwa zagayayye ne, ginin ƙasa da jinka, irin na kowa. Ruwan farko da aka yi, sai ta ga ɗigo ɗaya ta wajen ƙofa. Ɗigo ɗaya tak. Kuskuren da ta yi shi ne faɗa a gaban mijinta.

"Malam, ko za ka yi wa Baba Yamusa magana ya zo ya ɗan toshe mini wurin nan? Dami ɗaya na ciyawa ya isa."

Yamusa maƙwabcinsu ne, dattijon Bagware manomi, wanda rabin jinkayen garin hannunsa ne. In ɗaki ya isa sabon rufi, shi ke kiran gayya, a ɗaure jinkar a ƙasa, a baibaye ta, maza su taru su ɗaga su kifa wa ɗakin.

Maude ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Ciyawa? A gidan Injiniya? Uwani, kina so a yi da ni a gari? Kwano zan sa miki. Ke ce mace ta farko a Garki da za ta kwana tana jin ruwa yana kaɗa mata ganga a ka."

"Ni ba kiɗa nake nema ba, Malam. Kada ruwa ya taɓa mini gishiri, shi ke nan."

"Ruwa? Ruwa in ya ga kwano kauce masa yake yi. Na gani da idona a Minna."

Kwana uku bayan haka sai ga shi da jakuna biyu ɗauke da fallayen kwano goma sha biyu, gwanjo daga wani tsohon sansanin masu aikin hanya. Sun yi jajir da tsatsa, kowane falle da hujojin tsoffin ƙusoshi. Uwani ta ɗaga ɗaya ta hango bishiyar ɗorawa ta cikinsa sarai. Ta ɗaura gyale a ƙugu, ta kira Naomi matar ɗan Yamusa, mai ginin tukwane, suka kwashe buhunan nan suka kai ɗakin Naomi.

Da safe Maude ya tara samari aka sauke jinkar. Yamusa ya zo ya tsaya, ya dubi fallayen, ya dubi ɗakin, ya sake duban fallayen.

"Maude, wannan ɗaki zagaye ne. Wannan kwano kuma miƙe ne. Yaya za ta zauna?"

"Baba, wannan aikin lissafi ne, ba aikin fartanya ba."

"To ajiye jinka a gefe tukuna. In kwano ta ƙi, mu mayar."

Abin da ya tunzura Maude ke nan. A ce a ajiye jinka ko da kwano zai ƙi? A gaban mutane ya ɗauki adda ya sassare igiyoyin, ya wargaza ta, ya ce Naomi ta kwashe ciyawar ta gasa tukwanenta, sadaka. Uwani tana tsaye tana kallon rufin da ya shekara shida yana kare ta ana jan sa a ƙasa. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, amma ta haɗiye, don ba ta saba yi wa miji gardama a gaban maza ba.

Daga nan aka shiga awo. Maude ya auna ɗakin ta gabas ya sami lamba ɗaya, ya auna ta kudu ya sami wata. Ya ce laifin maginin ne. Aka tuna masa shi ya gina. Ya ce ai a lokacin bai je Minna ba.

Katako babu, don haka ya giggitta gwangwala a kan bangon. Ƙusar farko da ya buga, gwangwalar ta tsage gida biyu. Ta biyu ma haka. Ta uku ba ta tsage ba, domin gudumar ba ta sami ƙusar ba, babban yatsansa ta samu. Ya saki wata ƙara, ya cusa yatsan a baki, ya yi rawa da ƙafa ɗaya a kan tsani.

Wakili, wanda ya sa aka kawo masa kujera ƙarƙashin ɗorawa tun da ya ji labari, ya ce, "Injiniya, wannan rawar ita ma cikin aikin take?"

"Gwada ƙarfin tsanin nake yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ni da ƙafata aka gwada birki."

Da aka zo ɗora fallaye sai maganar Yamusa ta fito fili. In an daidaita falle ta nan, sai kusurwarsa ta yi tsini ta can. Maude ya ce kwano ne bai saba da zagaye ba, amma zai koya masa. Ya sa zarto. Ƙarar da ta tashi ta sa kajin unguwa suka watse, wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga tana tambayar wa ake yankawa. Zarton ya zubar da sauran haƙoransa, Maude ya koma ga adda. Da ya gama datsa, babu fallen da ya yi kama da ɗan'uwansa, kuma duk sun gaza kai bakin bango. Ya ce hakan ya fi, iska ba za ta sami abin kamawa ba.

Daga tsakiya ya fara shimfiɗawa yana gangarowa, kowane falle na ƙasa yana hawa kan na sama. Yamusa ya kasa haƙuri.

"Mu in muna baibaya, daga ƙasa muke farawa. Na sama ya danne na ƙasa, ruwa ya wuce. Kai ka buɗe wa ruwa baki."

"Wannan dokar ciyawa ce, Baba. Ƙarfe da tasa dokar."

"Ruwa fa? Ta san an canja doka?"

Mutane suka tuntsire da dariya. Maude ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da buga ƙusa. A Minna ya sha ganin kafintoci suna buga ta a kan tudun kwano, inda ruwa ba ya bi. Ya gwada, ƙusar tana zamewa, yatsansa kuma ya riga ya ji jiki. Sai ya koma bugawa a cikin kwarin, daidai hanyar ruwa. Ya leƙo ƙasa ya yi wa samari nasiha kyauta: "Ku riƙe wannan. Ƙusa a kwari take zama. Masu buga ta a tudu neman suna suke yi."

Can da la'asar iska ta ɗan motsa, falle ɗaya ya zame ya yi fiffike, ya tsallake danga ya aske wa zakaran Yamusa wutsiya. Maude ya ce wannan fallen dama ya yi yawa. Ya sa aka miƙo masa duwatsu ya danne sauran. Da duwatsu suka ƙare, aka miƙa ɗan dutsen niƙan Uwani da wani tsohon turmi.

Kwana biyu aka yi ana wannan fama. Ranar da ya ce an gama, Uwani ta shiga ɗakin ta ɗaga kai. Rana tsaka ce, amma sai ga taurari sun fi ɗari.

"Malam, waɗannan hujojin fa?"

"Iska ce ke shiga. Turawa da gangan suke barin su."

"Ruwa kuma ta ina aka ce masa kada ya bi?"

Ya yi tsaki, ya ce mata ba su da haƙuri. Ya shiga madafi ya ɗauko curin sabulun salo da take wanki da shi, ya hau ya bi hujojin ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa da yatsa. Taurari suka ɓace. Ya sauko yana karkaɗe hannu.

"To, a maido gishiri."

"Gishiri yana nan inda yake sai an yi ruwa uku na gani."

Wannan magana ta tsaya wa Maude a rai. Ba komai ya fi ƙona shi ba sai yadda labarin ya bazu. Duk inda ya bi sai a ce, "Injiniya, an ce uwargida ta kai kayanta gidan masu ciyawa." Wakili har aike ya yi a tambayi Maude ko shi ma zai kawo akwatinsa ajiya.

Ranar kasuwar Durumi, Uwani ta ɗebi gishiri cikin ƙwarya ɗaya ta yi sammako. Kafin ta tafi sai da ta ja Naomi gefe ta ce ko wa ya zo kada ta ba shi buhunan nan. Ciniki ya yi kyau, kafin azahar ƙwarya ta koma wayam. Tana hanyar dawowa hadari ya haɗo ta gabas, baƙi wuluk. Ba ta damu ba, har tana 'yar waƙa, tana cewa yau za a ga ƙarshen gardama kuma ba da kayanta ba. Ruwa ya tsuge ta fake a wata bukkar gona. Ya fi sa'a yana zuba kamar da bakin ƙwarya.

Yana tsagaitawa ta kama hanya. A bakin gari ta hango Naomi tana tahowa a guje, zane a hannu.

"Uwani! Ka zo da sauri! Mijinka ya kwashe gishiri!"

Uwani ta ce, "Ya kwashe ya kai ina?"

"Ɗakin kwano. Na hana, na hana, ya ce shi ne maigida. Ya kira Wakili da mutane su zo su shaida. Ya jera buhu a tsakiyar ɗaki, ya hau kai ya zauna, ya ce in ɗigo ɗaya ya taɓa shi a aske masa gemu."

Uwani ta jefar da ƙwaryar. Ba ta san sa'ar da ta iso gida ba.

Tsakar gidan cike yake da mutane, kowa a jiƙe, kuma ba wanda ya yi niyyar tafiya. Abin da ta fara gani kumfa ce. Sabulun nan ya narke, kumfa fara fat tana tsiyaya ta gefen kwano, tana bin bango, tana fitowa ta ƙofa. Da yake fallayen ba su kai bakin bango ba, duk ruwan da bai shiga ciki ba a kan ginin ƙasar ya sauka. Bango ya jiƙe sharkaf, ya fara yin ciki ta baya.

Ta kutsa ƙofar. Ruwa ya kai idon sawu. Maude yana tsaye a tsakiya, kumfa a gemu, ya ɗora buhu ɗaya a ka wai yana ceto, ruwan gishiri yana bin fuskarsa da wuyansa har cikin riga. Sauran buhu biyun suna kwance a ƙasa sun lafe, kamar an zare musu rai. Ta durƙusa ta taɓa ɗaya. Abin da ya rage a ciki bai fi ta dunƙule a hannu biyu ba.

Ta daɗe a durƙushe. Shekara huɗu tana yankan ciyawa tana roron ƙaiƙayi saboda awakin nan, ga su nan sun zama ruwa suna fita ta ƙofa.

"Uwani, kada ki tada hankalinki," in ji Maude. "Rufin bai yi laifi ba. Ruwan ne ya zo a karkace. Da a miƙe ya sauko yadda ake yi a Minna..."

Ta miƙe ta fita ba ta dube shi ba. Ta je gindin ɗorawa ta zauna a kan saiwa.

Maude ya leƙo ta ƙofa da buhun a ka. "Jama'a, a kwantar da hankali. Gishiri ba ya ɓata. Ruwan nan za mu kwashe a tukwane mu dafa, gishirin ya dawo, har ma ya fi na da fari. Baba Yamusa, a miƙo mini filaya."

"Filaya za ta kama ruwa?" in ji Yamusa.

Ba a kai ga amsa ba aka ji ƙasa tana rawa. Bayan gidan akwai burtali, kuma daidai lokacin ne wani Bafillace mai suna Modibbo yake koro shanunsa daga kiwo zuwa ruga. Ruwan gishirin ya riga ya bi ta ƙarƙashin danga ya malala har kan burtalin. Saniyar gaba ta sa hanci, ta lasa, ta ɗaga kai. Duk wanda ya san shanu ya san abin da gishiri yake yi musu. Modibbo ya yi kira, ya ɗaga sanda, ya yi Fillanci, ya yi Hausa, ko a jikinsu. Suka bi sawun ruwan, suka tattake danga, sai ga shanu sun fi talatin a tsakar gidan Injiniya.

Mutane suka dare, wasu bisa rumbu, wasu bisa ɗorawa. Wakili ya manta da sandarsa. Shanu suka kewaye ɗakin suna lasar bango, na baya suna tura na gaba. Wani bijimi ya cusa kai ta ƙofa, ƙahonsa ya cika ta, ya tarar da Maude.

"Modibbo! Janye dabbobinka! Wannan ɗakin kwano ne!"

"Wallahi, Injiniya, ba sa jin magana yau. Me ka zuba wa bangon nan?"

Bangon baya ya yi wani nishi ya zauna. Na gefe ya bi shi. Gwangwala ta kakkarye, duwatsu da turmi suka gangaro, fallayen nan suka rufto gaba ɗaya da ƙarar da aka ce har Durumi an ji. Shanu suka ja da baya.

Uwani ta miƙe tsaye. Komai haushinsa, mijinta ne. Sai ga fallaye suna motsi, kan Maude ya ɓullo ta tsakanin biyu daga cikinsu, ba hula, ba fensir. Buhun da ya ɗora a ka shi ya tare masa dutsen niƙa. Ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai daga wuya zuwa ƙasa laka da kwano sun danne shi, ko yatsa ba ya iya ɗagawa.

"Kun gani?" ya ce da ƙarfi. "Ɗaki ya faɗi amma kwano ko lanƙwasa kirki bai yi ba. Bangon ne na gargajiya!"

Bai rufe baki ba wata jar saniya ta matso, ta shinshina ƙeyarsa, ta zaro harshe ta share shi tun daga gemu har tsakar ka. Ya yi ihu. Ta sake. Harshen saniya kuwa kaushi gare shi kamar dutsen goge kaushin ƙafa. Tana lasa kansa yana juyawa, yana kiran Modibbo, yana kiran Wakili, yana kiran Baba Yamusa, daga ƙarshe ya tuna yana da mata.

"Uwani! Uwani, kore ta! Za ta cire mini kunne!"

Dariya ta hana maza saukowa daga kan rumbu. Modibbo, cike da kunya, ya taho da sanda zai maka wa saniyar. Uwani ta sha gabansa ta ɗaga hannu.

"Bar ta, Modibbo."

"Haba, uwar ɗaki, mutum ne fa a ƙasa."

"Na gan shi. Awaki uku na sayar na sayi gishirin nan, ko miya ɗaya ban yi da shi ba. Abin da ya rage mini a duniya shi ne wanda ke jikin mutumin nan, kuma ba zan bari a wanke shi a rafi a banza ba."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta juya wajen mazan da suka sauko suka fara janye fallaye.

"Baba Yamusa, ku ciro shi a hankali. In ta gama da wannan gefen, ku juya mata ɗayan."